Faɗuwar gaban ɗan dambe kafin a shiga fili: tsoro ne, tsuma ce, ko karaya?

Akwai wani tsohon bidiyo da yake ta dawowa a WhatsApp da Facebook, in ya ɓace wata biyu sai wani ya sake tono shi. Mike Tyson ne yana yaro a 1982, bai ko cika shekara 17 ba, ana dab da kiran shi wasa a gasar matasa ta Amurka, yana ta kuka, mai horas da shi Teddy Atlas ya dafa shi yana lallashi. Duk fadar da aka kunna bidiyon nan a Damagaram, daga Birni har Garin Malam, sai gardama ta kaure har shayi ya huce a kan gawayi. Wasu su ce haɗi ne aka yi da kwamfuta, wasu su ce to ashe dama matsoraci ne, wasu kuma su ce a'a ba kukan tsoro ba ne zuciya ce ta cika. Abin da masu yanko bidiyon ba su cika nunawa ba shi ne yaron ya share hawaye ya hau ring, kuma wasan bai wuce turmin farko ba ya gama da abokin karawarshi. Bayan shekara 4, a 1986, yana da shekara 20 ya zama zakaran duniya na masu nauyi.

Sai kuma ga wata magana ta ƙara rikita mutane, tun 1 ga Janairun 2024 hukumar WADA mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta saka tramadol, wanda mu nan muke ce ma tramol, cikin abubuwan da aka haramta ma ɗan wasa lokacin gasa. Matasa da yawa suna tambaya me ya haɗa maganin ciwo da dambe. Abin da ya haɗa su shi ne wannan faɗuwar gaban.

## Kalmomi huɗu da muke cakuɗawa

Rabin gardamar fada daga kalma take tasowa, kowa na cewa "tsoro" amma ba abu ɗaya suke nufi ba.

Tsoro shi ne abin da ke kama mutum in haɗarin na gabanshi yana ganin shi, ga ƙato ya ɗaure hannu ya miƙo. Fargaba ko zullumi kuwa na abin da bai zo ba tukuna ne, shi ne wanda ke hana barci daren jajibiri, mutum na kwance yana ta saƙa da warwara, in na faɗi fa, in ya same ni a muƙamuƙi fa. Masu nazarin halayyar 'yan wasa sun raba ita fargabar gida biyu, akwai ta jiki wato bugun zuciya da gumi da rawar hannu, akwai ta tunani wato saƙe-saƙen. Sun lura cewa ta jiki tana hauhawa ne yayin da lokaci ke matsowa kuma da an fara wasa takan sauka, ta tunani kuwa tana iya kama mutum tun da saura kwanaki ta bi shi har cikin fili.

Tsuma ita ce wadda muke yabo. An buga ma ɗan dambe takenshi da kalangu, ya miƙe jiki na rawa, ido ya yi ja, yana kirari murya na tsinkewa, sai 'yan kallo su ce ya tsumu. To a nan abin yake, in likita zai auna wanda ya tsumu da wanda gabanshi ke dukan uku-uku a gefe, kusan abu ɗaya zai tarar, zuciya na gudu, numfashi sama-sama, tafin hannu ya jiƙe. Bambancin yana ga yadda mai jikin ya fassara abin, wannan ya ce jikina ya shirya, wancan ya ce jikina ya gaya mani yau ba sa'a.

Ta huɗun ita ce karaya, kuma ita ce take kayar da mutum. Wanda ya karaya ya riga ya yanke ma kanshi hukunci tun kafin alƙalin wasa ya haɗa su. Mutum na iya jin tsoro bai karaya ba, Tyson ɗin cikin bidiyo kenan.

## Abin da ke faruwa a cikin jiki

Can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ake kira amigdala, bai fi ƙwallon dabino ba, aikinshi gadi. Da ya hango haɗari ba ya jiran shawara, sai ya tada jijiyoyi, saƙo ya sauka zuwa wasu 'yan ƙullutai da ke zaune a saman ƙoda, su kuma su sako wani sinadari mai suna adirenalin cikin jini, daga baya wani mai suna kotizol ya biyo. Wani likitan Amurka Walter Cannon ya bayyana wannan tun 1915, jiki ne ke shirin ɗayan biyu, ko a tsaya a gwabza ko a ranta a na kare.

Daga nan zuciya ta ƙara gudu don ta tura jini ga damtse da cinya, hanta ta sako sukari, hanyar numfashi ta buɗe, ƙwayar ido ta faɗaɗa. Jinin da ake turawa can kuwa daga ciki da hanji ake rage shi, shi ya sa abinci ya ƙi narkewa, miyau ya ƙafe, ciki ya murɗa, wani amai wani zawo. Da Bahaushe ya ce cikinshi ya ɗuri ruwa, ko hantar cikinshi ta kaɗa, ai wurin ya nuna daidai.

Duk wanda ya taɓa tsayawa bayan fili lokacin kaka, ba wajen 'yan kallo ba, can inda ake ɗaure hannu, ya san wannan. Za ka ga saurayi zaune a kan tabarma ya miƙa hannun dama, babban yaron gidansu na naɗa mishi ƙyalle sannan ya bi da zare yana ja yana ƙullawa, shi kuma sai hamma yake ta yi alhali ba barci yake ji ba. Ya ce a ba shi ruwa, ya kurɓa ya furzar don ba ya wucewa. Kafin a gama ɗaurin ya ce zai zaga, kuma yanzun nan ya dawo daga zagawar. Mai ɗaurin ba ya ce mishi komai a kai, iyaka ya ce "miƙo nan, ƙane, saura kaɗan", don shi ma ya zauna a kan irin wannan tabarmar.

Amfanin abin a fili yake, ƙarfi da sauri sun ƙaru, zafin duka ya ragu, shi ya sa wani sai an tashi ya gano leɓenshi ya fashe. Illar kuma tana ga yawa da kuma lokaci. Tun 1908 wasu masu bincike biyu, Yerkes da Dodson, suka yi gwaji da ɓeraye wanda daga shi aka ciro ƙa'idar da ake koyarwa har yau, cewa motsuwar jiki tana taimakon aiki zuwa wani mizani, in ta zarce sai aikin ya lalace. Ɗan damben da wutar ta kama tun daren jiya bai yi barci ba, kafaɗa ta sandare, ya riƙe numfashi, sai ka ga turmi ɗaya ya sa yana haki kamar ya yi goma, alhali wata guda yana gudu da asuba. Ya riga ya yi dambenshi a ɗaki kafin ya fito. A damben zamani akwai ƙari, don a can ana awon nauyi, masu rage kilo da ƙishirwa sukan zo jiki ba ruwa, kuma rashin ruwa shi kanshi yana ƙara gudun zuciya.

## Wai me suke tsoro

Ɗan kallo na ɗauka duka ake tsoro. Akwai wannan, kuma ba tsoron banza ba ne. A Nuwamban 1982 ɗan Koriya ta Kudu Kim Duk-koo ya faɗi a turmi na 14 a wasanshi da Ray Mancini a Las Vegas, bayan 'yan kwanaki ya rasu, abin da ya sa aka fara rage wasannin kambu daga turmi 15 zuwa 12. Kowane ɗan dambe ya san ana shiga da ƙafa a fito a ɗauke.

Amma in ka saurari su kansu, abin da ya fi cin su kunya ce. Floyd Patterson yana riƙe da kambun duniya lokacin da zai kara da Sonny Liston a Chicago a Satumban 1962, ya zo da gemun ƙarya da gashin baki a cikin kayanshi, don in an doke shi ya sulale ba wanda ya gane shi. An kuwa doke shi cikin minti 2 da daƙiƙa 6, kuma ya yi amfani da kayan. Mutumin da bai ƙi tsayawa gaban Liston ba, ga shi ya kasa tsayawa gaban idon jama'a.

Mu nan wannan ya fi nauyi ma. A dambenmu in ka taɓa ƙasa cewa ake an kashe ka, kalmar kanta ta isa. Ba kai kaɗai ka faɗi ba, gidanku ne da kartiyenku, in mahauci ne gobe da safe yana kan teburinshi a kasuwa kowa ya zo sayen nama sai ya dube shi. Yanzu kuma ga salula, faɗuwar da a da za a manta bayan sati yau tana yawo shekara. A kokowa ma haka, gasar takobi da ake yi tun 1975 jihohi 8 kowace da 'yan kokowa 10, faɗuwa ɗaya ta fidda kai daga neman takobin, ga rediyo ga tele ƙasa duka na kallo. Wanda ya taɓa ganin cikowar filin kokowa na Langa-Langa ya san irin kayan da ke kan ɗan Damagaram in ya fito a gida.

Akwai kuma wani bambanci da ya kamata a lura da shi. Ɗan boksin na kuɗi ya san abokin karawarshi tun da saura makonni, ya kalli bidiyonshi, don haka nashi dogon zullumi ne. Ɗan damben gargajiya sau da yawa sai a fili zai san wa zai fito mishi, kuma a al'adance ba a awon nauyi, nashi faɗuwar gaba ce ta farat ɗaya. Sai batun kuɗi, wanda abin da zai kai gida ya dogara ga kisan da zai yi da karin da za a yi mishi, fargabarshi ba ɗaya take da ta mai yi don sha'awa ba.

## Ra'ayoyin da ke karo da juna

Ra'ayi na farko shi ne na gida, namiji ba ya tsoro, in ma ya ji ya haɗiye. Masu wannan ra'ayi suna da hujja, ba taurin kai ba ne kawai. Abokin gaba na karanta fuska, da ya ga ido ya raina fata ya samu rabin nasara, kuma karaya tana yaɗuwa, in babba ya nuna rauni yaran bayanshi gwiwa ta yi sanyi. Masu kallon boksin sun daɗe suna kawo misalin Michael Spinks, wanda bai taɓa shan kaye ba kafin ya haɗu da Tyson a 1988, aka gama da shi cikin daƙiƙa 91, da yawa suka ce tun a fuska aka gani. Raunin ra'ayin shi ne ya haɗa ɓoye ma abokin gaba da ɓoye ma kai. Yaron da aka gaya ma jarumi ba ya jin komai, ranar da ya ji cikinshi na murɗawa sai ya yanke cewa shi ba jarumi ba ne, kuma ba wanda zai iya tambaya.

Ra'ayi na biyu an fi jingina shi ga Cus D'Amato, mai horas da 'yan boksin wanda ya raini Patterson da Tyson duka. Koyarwarshi ita ce jarumi da matsoraci abu ɗaya suke ji, abin da kowa ya yi da shi ne ya raba su, yana kuma kamanta tsoro da wuta, tana dafa abinci tana ƙona gida. Manyan 'yan dambe da yawa sun gaskata haka da bakinsu. George Foreman ya sha faɗin cewa gwiwoyinshi rawa suke kafin wasanshi da Joe Frazier a Kingston a 1973, wasan da ya kada Frazier sau 6 cikin turmi 2. Muhammad Ali, lokacin yana Cassius Clay ɗan shekara 22, ranar awon nauyin wasanshi da Liston a Fabrairun 1964 ya yi ta ihu da hauka har aka ci shi tarar dala 2,500 ta Amurka, likita ya auna bugun zuciyarshi ya samu 120 a minti alhali ya saba 54, ya ce yaron tsoro ya kusa kashe shi. Har yau ana gardama ko tsoro ne ko dabara, amma da dare Liston ne ya ƙi tasowa turmi na 7. Masu sukar wannan ra'ayi suna cewa misalan duk na waɗanda suka ci ne, waɗanda tsoro ya cinye ba a ba da labarinsu, kuma Patterson ɗin ma ai ɗalibin D'Amato ne. Sukar tana da ƙarfi, sanin sunan abu ba ya wadatarwa in babu horo.

Na uku na likitoci ne, su cewa suke kar a mai da kowace fargaba abin ado. A Fabrairun 1997 Oliver McCall ya daina rama duka a wasanshi da Lennox Lewis, yana yawo cikin ring yana kuka, aka tsaida wasan a turmi na 5. Mutumin na fama da shaye-shaye da matsalar ƙwaƙwalwa a lokacin, bai kamata a bar shi ya hau ba tun farko. A wurin likita akwai iyaka tsakanin faɗuwar gaban da ke zuwa da wasa ta tafi da wasa, da wadda ta zauna ma mutum.

## Laya, kiɗa da addu'a

Ba a maganar dambe a ƙasar Hausa a tsallake asiri. Laya a cikin ɗauri, guru a ƙugu, kambu a damtse, rubutun sha, tsaga a hannu a shafa magani. Masu yi sun yarda yana kare su yana kuma kashe ma abokin karawa jiki. Malamai da yawa suna hani, musamman in ba a san abin da ke cikin layar ba, wasu ma damben kanshi ba su yarda da shi ba sabida hanin da ya zo kan dukan fuska. Masu nazarin wasanni kuma ta wata fuska suke kallo, su a wurinsu duk abin da ɗan wasa ya saba yi a jere kafin wasa, ɗauri, taka rawa, kirari, yana ba tunani wurin tsayawa ya hana shi yawo. Ta nan ne kiɗa ke aikinshi, makaɗi ya ambaci uban ɗan dambe da garinsu da waɗanda ya kashe a baya, rawar jikin nan dai ita ce amma yanzu an ba ta suna mai kyau. Matsalar dogaro da laya ta fannin wasa ita ce ranar da ta tsinke ko aka manta ta a gida, mutum ya karaya nan take ko da ya fi ƙarfin wanda ke gabanshi.

Masu addu'a suna da abin da za su riƙe. A Suratu Ɗaha aya ta 67 an ambaci cewa Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya ji tsoro a ranshi lokacin da matsafan Fir'auna suka jefa igiyoyinsu, aya ta gaba aka ce mishi kar ya ji tsoro. Jin abin bai zama aibi gare shi ba.

## Inda tramol ya shigo

Saurayin da ba zai iya cewa gabana na faɗuwa ba, kuma ba wanda ya koya mishi abin yi, hanya mafi kusa gare shi ita ce mai tebur ko mai yawo da magani a tire. Tramol maganin ciwo ne mai ƙarfi dangin opiyom, likita ke rubuta shi, yana rage zafi yana kuma sa mutum ya ji ba ruwanshi. A fili wannan haɗari biyu ne. Yana kawo jiri da jinkirin lura, hannun da ya kamata ka kauce ma sai ya same ka, sannan yana rufe ciwo, wanda ya kamata ya tsaya sai ya ci gaba da karɓar duka a kai. In aka sha da yawa yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma yana kama jiki, mutum ya fara don ranar wasa ya ƙare kullum. Dalilan da suka sa aka hana shi a gasa kenan.

Dokar ta WADA ta fi shafar masu wasa ƙarƙashin hukumomi, irin waɗanda za su wakilci Nijar a waje, hanyar da Issaka Daboré ya bi ya kawo ma ƙasar nan lambarta ta farko ta Olamfik, tagulla a boksin a Munich 1972. Yaron da ya saba da ƙwaya tun a kartiye, ranar da ya kai inda ake auna fitsari zai iya fuskantar dakatarwa. A filin ƙauye ko na unguwa kuwa babu mai auna kowa, abin ya rage ga iyayen gidan 'yan dambe da masu shirya wasa.

## Abin da ya shafi wanda ba ya dambe

Abubuwan da masu horaswa ke amfani da su ba na kuɗi ba ne. Yawan gwaji da abokan horo kafin ranar, don jiki ya saba da ganin hannu na zuwa. Ɗumama jiki har gumi ya fito kafin a shiga. Numfashi a hankali, a ja ta hanci a saki a tsawaita sakin, wannan yana taɓa jijiyar da ke rage gudun zuciya. Sai ba tunani aiki ɗaya tak, misali riƙe garkuwa sama a turmin farko, maimakon tunanin yadda za a ƙare. Ɗan lekol da zai zauna BEPC ko bak, da wanda zai tsaya gaban alƙali, da mace da za a shiga da ita tiyata, adirenalin ɗin nan ne dai ke yawo a jininsu, kuma dabarun nan suna yi musu aiki.

Ga iyaye da iyayen gida, yaron da ya ce gabanshi na faɗuwa ya faɗi abin da kowa a wurin ke ji ne, in aka yi mishi dariya gobe ba zai faɗa ba, zai nemi ƙwaya. Alamun da ke buƙatar a kai shi asibiti daban suke, rashin barci na makonni ba na dare ɗaya ba, firgita ba dalili ko babu wasa a gaba, ciwon ƙirji ko suma lokacin horo, da ciwon kai ko amai ko mantuwa bayan ya sha duka a ka. Wanda ya suma a fili jiya, hukumomin boksin na zamani hutun dole na makonni suke ba shi kafin ya sake sa safar hannu, a filayenmu kuwa sau da yawa washegari da la'asar an sake buga mishi take.